BABI NA UKU: SIFFOFIN ƘANANAN NA'URORIN SAURAREN WAƘA DA YADDA AKE DAIDAITA SU DA KWAMFUTA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bitar hanyoyin da aka bi wajen adana sauti, tun daga faifan garmaho har zuwa kaset da faifan CD. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne a kan ƙananan na'urorin nan na aljihu waɗanda ke ajiye waƙa a matsayin fayil, waɗanda suka yi tashe tsakanin shekarar 1998 zuwa 2017. Za a fara da asalinsu, sannan a fito da siffofinsu, daga nan kuma a yi bayanin yadda ake zuba masu waƙoƙi daga kwamfuta. Manufar babin ita ce a nuna cewa hanyar da ake bi wajen zuba waƙa a na'ura ita ce ke yanke hukuncin ko wane ne ke da iko da waƙar, mai na'urar ne ko kuwa kamfanin da ya ƙera ta. An fi kawo misalai daga na'urorin iPod shuffle da iPod nano na kamfanin Apple da kuma Sansa Clip ta kamfanin SanDisk, domin kuwa su ne suka fi fito da bambancin da ake son nunawa.

3.1 Asalin Waɗannan Na'urori

Tunanin mutum ya rataya waƙarsa yana yawo da ita ya girmi waɗannan na'urori. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da Walkman mai cin kaset a shekarar 1979, sannan ya biyo da mai cin faifan CD a 1984. Sai dai dukkansu biyu suna da iyaka, wato waƙar da ke cikin kaset ɗaya ko faifai ɗaya ita kaɗai mutum zai ji, sai fa in ya ɗauki wasu a jaka.

Abin da ya kawar da wannan iyaka shi ne fasahar matse sauti. A faifan CD ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo kuma yana cin bit 16, a ɓangaren kunnen dama da na hagu. Idan aka haɗa lissafin, sautin minti ɗaya yana cin wajen megabait 10. Masana a cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Erlangen a ƙasar Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, sun yi aiki a kan hanyar rage wannan nauyi. Dabarar ita ce a zubar da sassan sautin da kunnen ɗan'adam ba ya kamawa, alal misali siririn sautin da wani mai ƙarfi ya danne a lokaci guda. An fitar da wannan tsari a hukumance a 1993, aka kuma raɗa wa fayilolinsa suna MP3 a 1995. Idan aka matse waƙa a kan ma'aunin bit 128,000 a daƙiƙa, minti ɗaya yakan koma ƙasa kaɗan da megabait ɗaya. Ke nan an rage nauyin kusan sau goma sha ɗaya.

A shekarar 1998 kamfanin SaeHan na Koriya ta Kudu ya fitar da MPMan, sannan kamfanin Diamond na Amurka ya fitar da Rio PMP300. Ita Rio megabait 32 take ɗauka, wato kimanin sautin rabin awa a kan ma'aunin da aka ambata. Ranar 23 ga Oktoba, 2001 kamfanin Apple ya gabatar da iPod ta farko mai gigabait 5, wadda aka tallata da cewa tana ɗaukar waƙoƙi 1,000. Daga cikin zuriyarta ne aka sami iPod shuffle a Janairun 2005 da iPod nano a Satumbar wannan shekara.

3.2 Siffofin Na'urorin

Za a dubi siffofin ta fuskoki huɗu, wato ma'ajiya, da fuska da maɓallai, da batir da mahaɗa, sai kuma bayanan da ke tafiya tare da waƙa.

3.2.1 Ma'ajiya

Ma'ajiyar waɗannan na'urori iri biyu ce. Ta farko ita ce ɗan ƙaramin faifai mai juyawa irin na cikin kwamfuta, kamar wanda aka sa wa iPod ta farko da iPod mini ta 2004. Wannan yana ɗaukar kaya da yawa, amma yana shan batir, kuma jijjiga ko faɗuwa tana iya lalata shi. Domin a rage wannan matsala, sai aka tsara na'urar ta riƙa kwaso waƙoƙi kaɗan daga faifan ta ajiye su a wata 'yar ƙwaƙwalwa ta wucin gadi, faifan kuma ya tsaya ya huta.

Ta biyu ita ce ƙwaƙwalwar filash, wadda ba ta da wani abu mai motsi a cikinta. Ita ce irin wadda ke cikin katin memori na wayar salula. Da ita ne aka sami damar ƙanƙanta na'ura ƙwarai. Shuffle ta farko nauyinta giram 22 ne, kuma ta zo iri biyu: mai megabait 512 a kan dala 99, da mai gigabait 1 a kan dala 149. An ce ta farko tana ɗaukar waƙoƙi 120, ta biyu kuma 240. Ya kamata a lura cewa wannan ƙidaya an gina ta ne a kan zaton cewa kowace waƙa minti huɗu ce, an kuma matse ta a kan ma'aunin bit 128,000. Za a sake komowa kan wannan zato a 3.5.

3.2.2 Fuska da Maɓallai

A nan ne shuffle da nano suka rabu. Ita nano tana da 'yar fuska mai launi wadda ke nuna sunan waƙa da na mawaƙi, tana kuma da wani zobe da ake shafawa da babban yatsa domin a bi jerin sunaye. Shuffle kuwa ba ta da fuska ko kaɗan. Maɓallan kunnawa da tsallakewa da ƙara murya ne kawai a gabanta, sai wani makunni a bayanta wanda ke ba da zaɓi biyu: ko waƙoƙi su zo a jere yadda aka zuba su, ko kuma na'urar ta gauraya su ta riƙa jefo duk wadda ta faɗo. Daga wannan gaurayawa ne ma ta sami sunanta.

Rashin fuska yana da riba, domin ya rage farashi da nauyi da shan batir. Illarsa ita ce mai sauraro ba shi da hanyar neman wata waƙa takamaimai sai dai ya yi ta tsallake har ya iso gare ta. A 2009 kamfanin ya fitar da shuffle ta uku wadda ke faɗar sunan waƙa da murya, ya kuma cire maɓallan daga jikinta ya mayar da su kan igiyar abin sawa a kunne. Wannan canji bai karɓu ba, domin duk wanda igiyarsa ta tsinke ba zai iya sarrafa na'urar da wata igiya ta kasuwa ba. Saboda haka a 2010 aka dawo da maɓallan. Ita kuwa Sansa Clip, wadda ta fito a 2007, ta bi tsaka-tsaki: ƙarama ce mai maƙali a baya, amma tana da 'yar fuska da rediyon FM da wurin ɗaukar murya. Wadda ta gaje ta a 2009, wato Clip+, har da ramin sa katin memori.

3.2.3 Batir da Mahaɗa

Rio ta 1998 batir ɗaya na kanti take ci, wanda in ya ƙare a jefar a sa wani. Na'urorin Apple kuwa batirinsu na caji ne kuma a rufe yake a ciki. Na shuffle ta farko yana kai awa 12 a caji ɗaya. Matsalar irin wannan batir ita ce ƙarfinsa yana raguwa da shekaru, canza shi kuma sai an ɓalle na'urar.

Mahaɗa ita ce ƙofar da na'ura ke magana da kwamfuta ta cikinta, kuma gudunta yana da muhimmanci ƙwarai. Tsohuwar mahaɗar USB tana tura bit miliyan 12 ne a daƙiƙa. Ko da ta yi iyakar gudunta, cika gigabait 5 zai ci kusan awa guda. Wannan ne ya sa aka haɗa iPod ta farko da mahaɗar FireWire mai gudun bit miliyan 400. Daga baya da USB ta biyu mai gudun miliyan 480 ta yaɗu, sai aka koma kanta. Shuffle ta farko ma ba ta buƙatar igiya, domin murfi ake cirewa a soka ta kai tsaye a jikin kwamfuta, ta sha caji kuma ta karɓi waƙa a lokaci guda.

3.2.4 Bayanan Waƙa

Fayil ɗin waƙa yana ɗauke da wani ɗan rubutu a cikinsa wanda ke ƙunshe da sunan waƙa da na mawaƙi da na kundi da shekara. Tsarin da ake kira ID3 shi ne aka fi sani. Na farko, wanda ya fito a 1996, bait 128 kawai ya ware a ƙarshen fayil, kuma sunan waƙa ba ya wuce harufa 30. Na biyu, na 1998, ya faɗaɗa wurin har ana iya sa hoto. Da waɗannan bayanai ne na'ura mai fuska ke jera waƙoƙi. Idan babu su, ko an rubuta sunan mawaƙi ɗaya ta hanyoyi daban-daban, to na'urar za ta ɗauke shi mutane daban-daban, ko ta tara waƙoƙinsa a ƙarƙashin wanda ba a sani ba.

3.3 Daidaitawa

Abin da ake nufi da daidaitawa a wannan aiki shi ne a sa abin da ke cikin na'ura ya yi daidai da abin da aka zaɓa a taskar waƙoƙin da ke cikin kwamfuta. Ya bambanta da kwafa, domin shi mai kwafa ƙari kawai yake yi, amma mai daidaitawa yana ƙarawa yana kuma ragewa. Manhajar da Apple ya tanada domin wannan aiki ita ce iTunes, wadda ta fito a Janairun 2001, aka kuma yi ta masu amfani da Windows a Oktoban 2003.

3.3.1 Matakan Daidaitawa

Idan aka jona na'ura da kwamfuta, abubuwa kan gudana kamar haka:

(a) Manhaja za ta gane na'urar, ta duba ko an taɓa ɗaura ta da wannan taska ko kuwa da wata.

(b) Za ta karanta wani fayil na cikin na'urar wanda ke matsayin rajistar duk waƙoƙin da ke ciki.

(c) Za ta kwaso bayanan saurare, kamar sau nawa aka ji kowace waƙa da darajar da aka ba ta, ta shigar da su taskar kwamfuta.

(d) Za ta gwada rajistar da abin da aka zaɓa a taska, ta tura abin da babu, ta kuma goge abin da aka cire daga zaɓin.

(e) Daga ƙarshe za ta rubuta sabuwar rajista, sannan ta ba da izinin a zare na'urar.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi haɗari. Idan aka zare na'ura ko wuta ta ɗauke kafin a gama rubuta rajista, waƙoƙin suna iya kasancewa a ciki amma na'urar ta nuna kamar babu komai, domin ita rajistar take karantawa. Haka kuma su fayilolin ana ajiye su ne a wata ɓoyayyiyar folda, a rarraba su a ƙananan foldodi, a kuma canza masu suna zuwa harufa huɗu marasa ma'ana. Don haka wanda ya buɗe na'urar a wata kwamfuta ba zai gane ko wace waƙa ce wace ba sai ya duba bayanan da ke cikin fayil.

3.3.2 Ire-iren Daidaitawa

Akwai hanyoyi uku da iTunes ta tanada. Hanya ta farko ita ce manhaja ta yi komai da kanta, ko dai ta tura dukkan taska ko kuma wasu jeri na waƙoƙi da aka zaɓa. Hanya ta biyu ita ce mutum ya riƙa jawo waƙa ɗaya-ɗaya da hannunsa, manhaja kuma ba za ta goge komai ba sai da umarninsa. Hanya ta uku an ƙirƙiro ta ne musamman domin shuffle. Da yake taskar mutum takan fi ƙarfin megabait 512 nesa ba kusa ba, sai aka sa wani maɓalli wanda in an danna shi manhaja za ta tsinto waƙoƙi da ka ta cika na'urar, gobe kuma ta zubar da su ta zubo wasu. Har ila yau akwai zaɓin a ƙara matse waƙoƙi masu nauyi zuwa ma'aunin bit 128,000 yayin turawa, ba tare da an taɓa na asali da ke kwamfuta ba.

3.3.3 Hanyar Kwafa Kai Tsaye

Ba dukkan na'urori ne ke buƙatar manhaja ta musamman ba. Da yawa daga cikinsu idan aka jona su kwamfuta takan gan su ne tamkar katin memori. Mutum zai buɗe folda ya zuba abin da yake so, da an zare kuma na'urar ta bi fayilolin ta gina rajistarta da kanta. Sansa Clip tana karɓar hanyoyi biyu: wannan ta kwafa kai tsaye, da kuma tsarin MTP wanda kamfanin Microsoft ya fito da shi a 2004 domin daidaitawa da manhajarsa. Amfanin kwafa kai tsaye shi ne kowace kwamfuta tana yi, kuma waƙa tana shiga tana fita. Naƙasunta shi ne duk aikin tsarawa yana wuyan mai na'ura, kuma bayanan saurare ba sa komawa kwamfuta.

3.4 Daidaitawa da Haƙƙin Mallaka

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa aka tsara iPod ta yadda waƙa za ta shiga amma ba za ta fita cikin sauƙi ba? Amsar tana da nasaba da rikicin kamfanonin waƙa da masu ƙera na'ura. A Oktoban 1998 ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka ta kai kamfanin Diamond ƙara a kan Rio. A 1999 kotun ɗaukaka ƙara ta ba Diamond gaskiya, ta kuma lura cewa Rio ba ta iya mayar da waƙa cikin kwamfuta, aikinta kawai shi ne ta ba mutum damar tafiya da abin da ya riga ya mallaka. Ke nan toshe hanyar fita wata garkuwa ce ga mai ƙera na'ura.

Daga nan ne aka sami ƙa'idar na'ura ɗaya, taska ɗaya. Idan aka jona iPod da ke kan daidaitawa ta kai-da-kai da kwamfutar da ba tata ba, manhaja za ta tambaya ko a goge abin da ke ciki a maye shi da na sabuwar taska. Wanda ya amsa ba tare da ya karanta ba ya yi asarar duk abin da ke ciki. Haka nan wanda kwamfutarsa ta mutu, waƙoƙinsa suna hannunsa a na'ura amma iTunes ba ta ba shi hanyar mayar da su. Sai a 2006 aka buɗe wata 'yar ƙofa, ita ma ga waƙoƙin da aka saya a kantin kamfanin kaɗai.

Shi wannan kanti an buɗe shi ne a Afrilun 2003, ana sayar da waƙa a kan santi 99. A wancan lokaci kowace waƙa tana zuwa da wani kulle mai suna FairPlay, wanda daga 2004 ya iyakance kwamfutocin da za su buɗe ta zuwa biyar, kuma ba ta kunnuwa a na'urar wani kamfani. Microsoft ma yana da nasa kullen. Haɗarin wannan tsari ya fito fili a 2008, lokacin da Microsoft ya sanar da cewa zai rufe na'urorin da ke ba da makullan waƙoƙin da aka saya a kantinsa na MSN Music. Sai da masu saye suka yi ƙorafi sannan ya ɗaga wa'adin zuwa 2011. Apple kuwa ya cire kulle daga waƙoƙin kantinsa a 2009.

3.5 Zace-zacen da Aka Gina Tsarin a Kansu

Idan aka yi la'akari da bayanan da suka gabata, za a ga cewa an tsara daidaitawa ne da wani irin mai sauraro a zuci: mutum ɗaya mai kwamfutarsa ta kansa, mai gajerun waƙoƙi waɗanda kamfani ya riga ya rubuta masu cikakkun bayanai. Mai sauraron waƙoƙin Hausa bai cika dacewa da wannan hoto ba, ta fuskoki uku.

Na farko, da yawa ba su da kwamfuta. A shagon masu tura waƙa ake zuba wa mutum abin da yake so a katin memori, yau a wannan shago gobe a wancan. Na'urar da ke ɗaure kanta da taska ɗaya ba ta dace da wannan ba, mai karɓar kati ko kwafa kai tsaye ita ce ta dace. Na biyu, ƙidayar minti huɗu ba ta aiki ga waƙoƙin baka da yawa masu tsawo, balle karatun tafsiri ko wa'azi da ke kai awa guda. Karatun awa ɗaya a kan ma'aunin bit 128,000 yana cin wajen megabait 58, wato wurin waƙoƙi 15 na minti huɗu. Gaurayawa kuma ba ta da amfani ga karatun da ake bi daki-daki. Na uku, tsarin ID3 na farko ba shi da gurbin harufa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ. Na biyu ya tanadi hanyar rubuta su, amma sai in ita na'urar tana da siffofinsu za ta iya nuna su. Wannan yana da muhimmanci ga mai nazarin adabi, domin fayil ɗin da ya rabu da sunan makaɗinsa da shekararsa ya rasa rabin amfaninsa ga bincike.

3.6 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda matse sauti da ƙwaƙwalwar filash suka haifar da ƙananan na'urori marasa nauyi. An kuma ga cewa kowace siffa da aka cire ko aka ƙara tana da riba da hasara. An nuna cewa daidaitawa ta sauƙaƙa wa mai kwamfuta aiki, amma ta mayar da kwamfuta uwar ɗaki, na'ura kuma 'yar aike, sannan aka yi amfani da ita wajen kare haƙƙin kamfanonin waƙa. Apple ya daina ƙera shuffle da nano a Yulin 2017, ya raba ayyukan iTunes ga wasu manhajoji a kwamfutocinsa a 2019, ya kuma dakatar da iPod ta ƙarshe a Mayun 2022, bayan wayar salula ta karɓe aikinsu. Duk da haka tambayar da suka tayar ba ta gushe ba, wato shin waƙar da ke cikin na'urar mutum tasa ce yadda zai iya adana ta ya kuma mayar da ita inda ya so? A babi na gaba za a dubi yadda wannan tambaya take a zamanin sauraren waƙa ta intanet.